Talalar Jirgin Shu'aibu

Idan ka tambayi mutanen Tudun Ɗinya wane ne Shu'aibu, za su ce maka mutumin kirki ne, sai dai faɗa. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne, su suka koya masa faɗan. Kafin ya kawo jirgi garin, Shu'aibu mutum ne da za ka taka wa ƙafa ya ba ka haƙuri. Jirgin nan ne, ko kuma a ce irin son da mutanen garin suka yi wa jirgin, ya mai da shi mai tafiya yana ƙunƙuni shi kaɗai.

Tudun Ɗinya ƙauye ne a ƙetaren Gulbin Kaba in ka fito daga Mayahi. Shekara da shekaru gulbin suna ne kawai, babu komai cikinsa sai yashi da kaba da gonakin wake. Yara sun girma har sun yi aure ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba. Sai a 'yan shekarun nan damina ta sake hali. Ruwa ya riƙa gangarowa daga kudu yana kwanciya a kwarin har kaka, ya raba garin da kasuwa da gidan likita. Mai son zuwa Mayahi sai ya yi zagayen da zai cinye masa yini, in kuma mara lafiya ne a amalanke, to sai addu'a.

Shu'aibu ɗan makiyaya ne, irin gidajen da ake Fulatanci a tsakar gida a yi Hausa a kasuwa. Amma tun yana yaro aka gane hannunsa ba na shanu ba ne. Yayansa Ɗanbaba zai dubi garke daga nesa ya ce wance ba ta da lafiya, shi kuwa Shu'aibu sai an nuna masa da sanda. Da ya tasa ya tafi ci-rani Gaya, ya faɗa hannun masu fito a babban kogi, ya daɗe yana tura jirgi da gora. A can ya gano abin da Allah ya yi shi dominsa. Da labari ya kai masa cewa ruwa ya dawo gulbin garinsu, sai ya tattaro ya dawo gida, ya sayar da rabonsa na shanun gado, ya sa aka kawo masa katako a mota.

Ɗanbaba bai yi masa magana ba har aka gama sayarwar. Ya dai bi ta bayan gida ya sa wani dillali ya saye masa saniya ɗaya daga ciki, Saye, wadda ta fito daga tsatson shanun kakansu, don kada irin ya bar gida. Ranar da katako ya iso ya zo ya tsaya a kansa, sanda a kafaɗa.

"Shanun Baffa ke nan?" ya ce.

"Jirgi ne, Hamma."

"Shina haihuwa?"

Shu'aibu ya ci gaba da sauke katakonsa. Shi da Malam Zakariya kafinta, dattijon ƙaramar majami'ar garin, suka haɗa jirgin a bakin gulbi. Ba kwalekwale ba ne mai tsini, faffaɗa ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, yana ɗaukar buhunan gero da babura da awaki da masu awakin a tashi ɗaya. A hancinsa, wato gaban jirgin, Shu'aibu ya kafa zoben ƙarfe na ɗaure igiya. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin katakon nan, kuma kowa ya sani.

Gari ya karɓi jirgi hannu bibbiyu, daga nan kuma wahala ta fara. Mata suka gane gefensa ya fi komai daɗin buga wanki. Shanu suka gane ya fi kututture daɗin susa. Da rani ya shigo ruwa ya janye, Shu'aibu ya haƙa rami a tsakiyar kwarin inda yashi ke da danshi, ya kwantar da jirgin ya rufe shi da ganyen kaba, yana zuwa yana yayyafa masa ruwa don kada katako ya bushe ya tsage. Mutane suka ce Shu'aibu ya shuka jirgi, baɗi za a sami biyu. Dariyar ba ta dame shi ba. Abin da ya dame shi, ya je bikin suna a garin Atantane ya dawo ya tarar Malam Zakariya ya gayyato matasa sun tono jirgin, sun ɗora shi bisa gutsattsarin itace kamar rumbu, sun yi masa rumfar kwano. A wurinsu haka ake adana abu mai daraja, a ɗaga shi daga ƙasa a nisanta shi da laima.

"Mun ga ka bizne dukiya cikin ƙasa, gara za ta ci," in ji Malam Zakariya, fuskarsa cike da annuri. "Ba sai ka yi godiya ba, maƙwabtaka ce."

Kafin ya samo hannayen da za su sauko da shi, iska mai zafi ta yi aikinta. In ka kwanta ƙarƙashin jirgin kana hango rumfar ta tsakanin katakai. Shu'aibu ya ƙare ranin nan yana cusa auduga yana shafa kwalta, yana magana da kansa cikin harshe biyu.

Saboda haka shi da bakinsa ya roƙi maigari a yi zama kafin damina. Aka taru gindin ɗinyar da garin ya ci sunanta, manoma gefe guda, makiyaya gefe guda. Shu'aibu ya miƙe ya ce a Gaya kowane taku na bakin ruwa da sunansa da dokarsa. Akwai mashigi, inda jirgi ke ɗauka yana saukewa, ba a barinsa ya zauna a nan in ba aiki. Akwai maɗauri, inda ake ɗaure shi in an tashi. Akwai ma'ajiya, inda yake yin rani, kuma mai jirgi ne kaɗai ke cewa ga yadda za a ajiye shi. Da ya zo nan ya dubi Malam Zakariya, shi kuwa ya gyaɗa kai kamar da wani ake. Ɗanbaba ya ce to ai su ma suna da mashaya, a bakin burtali, tun kafin a haifi duk wanda ke zaune a wurin. Maigari ya ji daɗin abin, don yana son magana mai tsari. Ya sa aka kafa turaku, nan mashigi, nan maɗauri, nan mashaya, kowa ya tsaya inda aka tsai da shi. Shu'aibu ya koma gida yana gaya wa matarsa Halimatu cewa yau ya huta.

Ko kusa bai huta ba, don ya manta bai yi musu bayanin igiya ba. Da ma ya yi ɗin, babu abin da zai sauya.

Ga yadda abin yake. Ruwan gulbi yana tashi yana sauka, jirgi kuma yana tashi tare da shi. Turke kuwa yana nan inda aka kafa shi cikin laka. Idan igiya gajera ce ruwa ya tashi, turken zai riƙe hancin jirgi ƙasa, ruwa ya hau kansa. Don haka mai jirgi yake barin igiya doguwa, ta kwanta lako-lako a kan ruwa. Magana ce da ba ta da wuya. Amma mutumin Tudun Ɗinya, manomi ne ko makiyayi, tun yana goye yake ganin ana ɗaure dabba. Idonsa ba ya iya ganin igiya a sake ya wuce. Igiya a sake a wurinsa akuya ce cikin gonar wani, ko maraƙi ya naɗe wuya. Hannunsa ke kai kansa ya ja, ya naɗe saura a turke, ya ƙulle.

Kullum safiya Shu'aibu zai sauko ya tarar an tamke jirgin, hanci manne da turke. Abin da ya fi cin rai, ba a ɓoye ake yi ba. Wanda ya yi sai ya biyo shi har gida.

"Na iske igiyarka ta saki, na gyara maka."

Mutum ya yi maka alheri, ya tako ya gaya maka, me za ka ce? Shu'aibu zai daure ya ce an gode, sannan ya yi bayani tun daga farko, da hannu da ƙafa, har da zana turke a ƙasa. Mutumin zai ce, "Allah Sarki, ashe haka ne." Jibi shi ne zai sake ja. Liman ya ja. Mai shayi ya ja. Malam Zakariya ya ja ranar Lahadi, da rigarsa ta zuwa sujada. Wata rana Shu'aibu na cikin zazzaga faɗa a tsakar gida kan wanda ya yi na jiya, Halimatu ta ajiye ludayi.

"Baban Aziza, ka rage hwaɗan nan. Mutane taimakonka sukai."

"Taimako? Ki bari in kama mai wanga taimako."

Ta ci gaba da dama fura. Can ta ce, "To ai ta yi tsawo da yawa. Ɗan kaɗan na rage."

Ranar bai sha furar ba.

Ɗanbaba shi bai taɓa ja ba, don ko kallon jirgin ba ya son yi. Amma ra'ayinsa a fili yake. "Dabba mai kiwo aka yi wa talala, don ta kai ga ciyawa. Wanga kiwo shikai?" Haka yake cewa a mashaya, masu shanu suna dariya.

Ana haka wata rana iska ta juya, jirgin ya zagaya a kan doguwar igiyarsa, ya ƙetare turken iyaka ya shiga mashaya daidai lokacin da garke ke sha. Shanu suka firgita. Saye, duk cikin shanun duniya Saye, ta harɗe ƙafa da igiya ta faɗi, ta yi kwanaki tana ɗingishi. Aka koma gindin ɗinya. Wannan karon dokar da Shu'aibu ya kawo da kansa ita ta juyo ta kama shi. Maigari ya ce maɗauri maɗauri ne, mashaya mashaya ce, ba shi ya faɗa ba, mai jirgi ya faɗa. In jirgi ya sake ƙetare turke, za a fitar da shi daga bakin garin ɗungurungum, ya nemi wani wuri. Wani wurin kuwa babu, sauran gaɓar duk gonaki ne.

Shu'aibu ya ce ya ji. A Gaya dutse ake jefawa a ruwa ya riƙe bayan jirgi, amma a ƙasar Mayahi sai ka yini kana tafiya ba ka ga dutsen jifar kare ba. Sai ya cika buhuna da yashi, ya ɗaure su a bayan jirgin ya nutsar. Baya ya tsaya cik, igiyar gaba ta ci gaba da zama doguwa. Ya bi gida gida yana roƙo, don Allah don Annabi, su Malam Zakariya kuma don girman abin da suke bauta wa, kada kowa ya taɓa igiya. Kowa ya ce to.

Cikin watan takwas ruwan sama ya ɗauke na 'yan kwanaki. Gulbi ya ja baya, sama ta yi tas. Wani layin katako ya soma yoyo, Shu'aibu ya ga ba lokacin da ya fi wannan, ya shirya zuwa Tasawa sayen kwalta. Ya ƙetare da matafiyan safe, ya sa wani ya mai da jirgin maɗauri, yana tsaye daga ƙetare yana kallo har aka bar igiyar yadda yake so, sannan ya hau mota.

Buhunan yashi sun daɗe cikin ruwa, sun ruɓe ba wanda ya sani. Da hantsi suka fashe. Bayan jirgin ya saki, ya fara zagayawa a hankali zuwa mashaya. Ɗanbaba ne ya fara gani, ya kawo shanu sha. Ya tsaya yana kallon jirgin ƙanensa yana matsowa turken iyaka, ya kuma san abin da maigari ya ce. A nan ya kamata a yi wa Ɗanbaba adalci. Da yana son jirgin ya bar garin, da sai ya naɗe hannu ya bari ya ƙetare, ga shaidu. Bai yi haka ba. Ya kora shanun, ya koma gida ya ɗauko sabuwar igiyar kaba da ya tuƙa da hannunsa, mai kauri, wadda ya ajiye don ɗaure babban sa na garkensa. Ya janyo jirgin, ya kwance doguwar igiyar roba ya naɗe ta tsaf ya ajiye a ciki. Ya sami taɓarya ya ƙara buga turken har sai da ya kusa shigewa cikin laka. Sannan ya haɗa zoben da turken ya yi irin ɗaurin da ake wa sa ranar allura, wanda ko motsi ba ya bari. Shi ne karo na farko da ya taɓa jirgin nan, kuma ya yi aikin da zuciya ɗaya.

Shu'aibu yana tashar Tasawa da gwangwanin kwaltarsa ya ji direbobin da suka fito daga kudu suna cewa an kwana ana tafka ruwa a ƙetaren iyaka. Ya san inda ruwan nan zai bi. Da farko hankalinsa a kwance yake, ai ya bar igiya. Sai kuma ya tuna a hannun su wa ya bar ta. Bai jira mota ta cika ba, ya ɗauki ɗan kabu-kabu.

La'asar sakaliya ya iso bakin gulbi ta ɓangaren Mayahi. Rana na haskawa, babu ko gajimare, ruwa kuwa ya iso, ja wur, ɗauke da kara da rassan itace. Mai fiton garin ga shi tsaye a gaɓar da ba tasa ba, ba shi da abin ƙetarewa. Daga nan yana hango jirginsa, baya ya ɗaga sama, hanci ya sunkuya kamar raƙumi zai durƙusa. Ya kira Halimatu a waya.

"Ki ruga ki ce su yanke igiya. Kada su tsaya kwancewa, su yanke."

Ya ga mutane suna gangarowa da gudu. Ya ga sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, don turken da ƙullin duk sun riga sun nutse. Sai ya ga wani dogo ya jefar da malafa ya shiga da wuƙa a hannu, ya gane tafiyar yayansa ce. Ɗanbaba bai iya iyo ba, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce cinya ba. Ruwa ya kai masa ƙirji, yana lalube da hannu ɗaya, ruwan na tura shi. Shu'aibu ya manta da jirgi, ya shiga ɗaga hannu yana ihu su fitar da shi, ba mai jin sa. Malam Zakariya ne ya bi shi da gora, aka janyo shi yana tari. Jim kaɗan ruwa ya hau kan jirgin, wani kututture ya zo ya doke shi a ciki. Ƙarar ta iso har inda Shu'aibu yake. Katakai suka rabu suka bi ruwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye rungume da gwangwanin kwalta.

Sai washegari ya iso gida ta zagaye. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Halimatu ke nan. Masu jaje suka yi ta shigowa, kowa na cewa ai da ya sani da ya sassauta igiyar. Kowa a garin ya zama gwanin jirgi rana ɗaya, bayan babu jirgin.

Da ruwa ya janye ya sauka maɗauri. Turken na nan daram. Igiyar kaba na nan, zoben na nan, da guntun katakon hanci manne da shi. Ɗanbaba na tsugune a wurin, ya rame, tarin bai sake shi ba.

"Ƙullin dai bai kwance ba," in ji Ɗanbaba a hankali.

Ba gatse ya yi ba. Shi ke nan abin da ya rage masa ya faɗa. Shu'aibu ya ji baƙin ciki, ga haushi, ga tausayi, ya rasa wanda zai fara da shi. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya ɗauki zoben da guntun katakon ya tafi gida, ya jefar da su a tsakar gida kusa da rumbu.

Sauran daminar garin ya koma zagaye. Shu'aibu ya koma gonar wake, yana noma kamar wanda aka sa dole. Bayan an ɗaure gero, wata safiya Halimatu ta leƙa waje ta ce masa yayansa na sallama. Ɗanbaba ya shigo yana jan wani jan bijimi, ɗan Saye na fari, wanda ya sha cewa ko yunwa za ta kashe shi ba zai sayar ba. A kafaɗarsa ga wani ƙaton naɗin igiyar kaba, sabuwa, wadda ko rijiyar da ta fi kowace zurfi a ƙasar ba ta buƙatar rabinta. Tun ranar da jirgi ya tafi yake tuƙa ta.

"Ka kai shi Mayahi," ya ce, idonsa na kan bijimin. "A sawo katako."

Bijimi ɗaya ba zai sayi ko rabin jirgi ba. Shu'aibu ya sani, Ɗanbaba ma ya sani, shi da ya ga shanun da aka kora wancan karon. Shu'aibu ya buɗe baki zai faɗi hakan, ya dubi tafin hannun yayansa duk kaba ta yayyanka shi, ya rufe. Ya karɓi igiyar. Babu turke a gidan, rabonsa da dabba tun da ya sayar da shanun gado, sai ya zura ta cikin zoben jirgin ya zagaya da ita ƙafar rumbu ya ƙulle, ya bar sauran tsawon zube a ƙasa. Bijimin ya fara yawo a tsakar gida yana shinshina turmin Halimatu, igiya na binsa lako-lako.

Ɗanbaba ya dubi igiyar. Hannunsa ya miƙa da kansa, har ya sunkuya. Sai ya tsaya, ya ɗago, ya mai da hannun bayansa ya riƙe shi da ɗayan. Haka ya tsaya har Halimatu ta kawo tabarma.